ERIK SATIE (1866-1925): MAKAƊIN DA YA KOYA WA KIƊA TAFIYA A HANKALI

A yau za mu kawo muku tarihin wani mutumen ƙasar Faransa wanda ya rayu cikin talauci, ya kuma mutu cikin talauci, amma kiɗan da ya tsara har gobe ana sauraronsa ko'ina cikin duniya sa'ad da mutum ya ke biɗar natsuwa. Sunansa Erik Satie, ana faɗinsa Sati. Mutane da yawa sun taɓa jin kiɗansa a rediyo ko cikin sinima ba tare da sun san sunan mai shi ba: piyano ne shi kaɗai, yana tafiya sannu sannu, kamar mai taka ƙasa gudun kada ya tada mai barci.

A zamaninsa malamansa sun ce malalaci ne, masu sharhi a jarida sun ce ɗan wasa ne, abokansa na kusa ma sun ɗauke shi mutum mai ban dariya fiye da mai ban mamaki. Sai bayan mutuwarsa da shekaru masu yawa aka gane cewa shi ne ya buɗe hanyar wani irin kiɗa wanda ba ya neman tada hankalin mai saurare, kiɗan da a yau a ke sa wa mai karatu, da mai jinya, da wanda barci ya ƙaurace wa. Ga yadda rayuwarsa ta gudana.

HAIHUWA DA ƘURUCIYA

An haifi Satie ran 17 ga watan Mayu na shekara ta 1866 a Honfleur, wani ƙaramin gari na bakin teku a jihar Normandi. Ubansa Alfred dillalin jiragen ruwa ne, uwarsa Jane Leslie Anton kuwa a Landan aka haife ta, iyayenta mutanen Sikotilan ne. A shekara ta 1870 iyalin suka ƙaura zuwa Paris. Ba a daɗe ba, cikin 1872, uwar ta rasu, yaron yana da shekara 6 da haihuwa. Sai aka mai da shi Honfleur tare da ƙanensa Conrad, wurin kakanninsu na wajen uba.

Can ne ya fara koyon kiɗa a hannun wani malami mai suna Vinot, wanda ke kaɗa babbar orga ta majami'ar garin. Malamin nan ya sanar da shi tsofaffin waƙoƙin ibada na majami'ar Katolika, waɗanda a ke rerawa da murya ɗaya, ba ganga, ba gaggawa, muryar tana hawa kaɗan tana sauka kaɗan bisa numfashin mai rerawa. Abin da yaro ya sha da ƙuruciya shi ke binsa har tsufa. Duk wanda ya saurari kiɗan Satie da kunnen basira zai ji sawun waɗannan waƙoƙi a ciki.

Cikin 1878 kakarsa ta nutse a teku ta mutu, aka sake komo da yaran Paris. Shekara ɗaya bayan haka ubansu ya auri wata malamar piyano mai suna Eugénie Barnetche. Jininta bai haɗu da na yaron ba, kuma irin kiɗan da ta ke so, mai yawan ado da nuna gwaninta, shi ne ya fi ƙi. Ita ce ta tsaya aka sa shi babbar lakwal ta kiɗa ta Paris, wadda a ke kira Conservatoire, cikin watan Nuwamba na 1879.

LAKWAL DA SOJA

Zamansa a lakwal ɗin nan bai yi daɗi ba. Malamin piyano Émile Decombes ya rubuta a takardar sakamako cewa cikin ɗalibai duka babu wanda ya kai shi lalaci, ko da ya ke ya yarda hannunsa na fid da sauti mai daɗi. Aka kore shi cikin 1882. Ya komo cikin 1885, sabon malaminsa Georges Mathias shi ma bai ga wani abin kirki gare shi ba. Abin da lakwal ke nema shi ne yatsu masu sauri da ɗalibi mai bin ƙa'ida. Satie kuwa ya fi son ya zauna cikin babbar majami'ar Notre-Dame yana kallon ginshiƙai, ko ya wuni a gidan littattafai yana karanta labarin mutanen da.

Da ya ga zaman ya ishe shi, sai ya shiga soja ƙarshen 1886, aka kai shi rundunar sojan ƙasa ta 33 a garin Arras. Nan ma bai iya zama ba. Wani dare cikin hunturu ya tuɓe riga ya tsaya waje da gangan har ciwon ƙirji ya kama shi, ya yi watanni yana jinya, kāna aka sallame shi cikin 1887. Yana da shekara 21, ba takardar shaida, ba sana'a, ya tattara ƴan kayansa ya bar gidan ubansa ya koma Montmartre, unguwar masu zane da marubuta da ƴan gidajen shaye-shaye a bisa tudun arewacin Paris.

KAƊE-KAƊE UKU DA SUKA DAUWAMA

A unguwar nan akwai wani sanannen gidan shaƙatawa mai suna Chat Noir, watau Baƙar Kyanwa, na wani mutum Rodolphe Salis. Nan Satie ya sami aikin kaɗa piyano da dare, yana raka mawaƙa da masu wasan ban dariya. Da rana kuwa yana rubuta nasa kiɗan. Cikin 1888 ya tsara kaɗe-kaɗe guda 3 na piyano waɗanda ya raɗa wa suna Gymnopédies, ya aro sunan daga wani biki na mutanen Sparta a tsohuwar ƙasar Girka, inda samari ke rawa a fili. Su ne suka dauwamar da sunansa.

Ya kamata mu tsaya mu duba yadda aka gina su, domin nan sirrin ya ke. A lokacin nan ƙasashen Turai duka kiɗan Bajamushen nan Richard Wagner ya cika su. Kiɗan Wagner na buƙatar makaɗa wajen ɗari, wasa ɗaya ya kan ɗauki awa huɗu ko fi, kuma an gina shi bisa ɗaure zuciyar mai saurare: a ja ta, a ƙara ja, a hana ta hutu, sai can a sake ta da tsawa. Saurayin nan ya bi wata hanya daban. Kowane ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗensa ukun bai wuce minti uku ko huɗu ba. A na farkon, hannun hagu yana taɓa sauti mai zurfi guda, sa'an nan ya aza dunƙulen sautuka a bisansa, ya koma wani sautin mai zurfi, ya sake aza dunƙule, haka ya ke kai da komowa tsakanin wuri biyu kamar uwa mai rarrashin jariri. Hannun dama kuwa yana jan zaren waƙa guda, ƙwaya ƙwaya, da sarari tsakaninsu.

Dunƙulen sautukan da ya zaɓa, a ƙa'idar lakwal, irin waɗanda ba a tsayawa kansu ne, wajibi ne a warware su a wuce gaba. Satie ya bar su tsaye yadda su ke. Saboda haka kunne ya kan jira warwarar, ya ga ba ta zo ba, daga nan ya daina jira ya zauna cikin sautin. Kiɗan ba ya hawa zuwa wani ƙololuwa, ƙarfinsa ba ya ƙaruwa ƙwarai, kuma abin da ya wuce yana komowa, har mai saurare ya san abin da ke tafe, hankalinsa ya kwanta. A kan kowanne ya rubuta umurni cewa a kaɗa shi a hankali: na farko da raɗaɗi, na biyu da baƙin ciki, na uku da nauyi. Ukun kuwa kusan abu guda ne, kamar mutum ya kewaya tulu ɗaya ya dube shi ta fuska uku.

Daga 1889 ya fara wasu kaɗe-kaɗen masu suna Gnossiennes. Uku na farko, waɗanda aka buga cikin 1893, ya rubuta su babu layukan da a ke raba kiɗa da su gida gida a takarda, domin mai kaɗawa ya bi numfashinsa. Maimakon kalmomin Italiyanci da aka saba sawa, sai ya riƙa rubuta wa makaɗi ƴan shawarwari cikin Faransanci, wasu na tunani, wasu na raha.

ABOTA, SOYAYYA DA KAƊAICI

Wajen 1891 ya ƙulla abota da Claude Debussy, wanda daga baya ya zama babban makaɗin Faransa na zamaninsa. Debussy ya ga darajar aikin abokinsa tun mutane ba su gani ba. Ya ɗauki biyu daga cikin Gymnopédies, na farko da na uku, ya shirya su domin babbar ƙungiyar makaɗa, aka kaɗa su a Paris cikin watan Fabrairu na 1897. Shekara da shekaru Satie na zuwa cin abinci gidan Debussy. Amma abotar mai suna da maras suna tana da wuyar riƙo. Ɗaya na ganin yana taimakon ƙaramin ɗan'uwa, ɗayan na jin ana yi masa kallon raini. Suka ɓata gab da rasuwar Debussy cikin 1918, abin da ya dami Satie ƙwarai daga baya.

Cikin shekarun nan ya shiga wata ƙungiyar asiri ta Joséphin Péladan mai suna Rose-Croix, yana tsara mata kiɗa. Da suka saɓa, sai ya kafa tasa majami'ar cikin 1893, wadda shi kaɗai ne shugabanta, shi kaɗai ne mabiyinta, yana aika wa masu sukarsa takardun kora daga cikinta. A shekarar nan kuma ya so wata mai zane, Suzanne Valadon, wadda ta zauna ɗaki kusa da nasa a titin Cortot, ta kuma zana hotonsa. Wata shida suka yi, daga Janairu zuwa Yuni, ta tafi. Ba a san ya sake neman wata mace ba har ƙarshen ransa.

Wajen lokacin nan ne ya rubuta wani ɗan guntun kiɗa na shafi guda mai suna Vexations, watau abubuwan ɓacin rai. A bisansa ya sa bayani cewa wanda ke son ya maimaita shi sau 840 a jere, ya kamata ya fara shirya kansa cikin shiru, ba motsi. Bai buga shi ba, bai kuma kaɗa wa jama'a shi ba. Takardar ta kwanta cikin tarkacensa har bayan mutuwarsa.

Cikin 1895 ya ci gadon ƴan kuɗi. Ya je ya ɗinka kwat da wando iri ɗaya, launi ɗaya, har guda 7, ya yi shekaru ba ya sa wata tufa sai su. Kuɗin ba su jima ba suka ƙare.

ZAMAN ARCUEIL

Da kuɗin haya suka gagare shi a Montmartre, sai ya ƙaura cikin 1898 zuwa Arcueil, wata unguwar ƴan ƙwadago a kudancin Paris. Ya kama ɗaki guda a bene, ya zauna ciki shekara 27, kuma cikin waɗannan shekaru duka bai bar kowa ya shiga ba, ko ƙanensa. Kullum ya kan tako da ƙafa zuwa wurin aikinsa a Paris, tafiyar wajen kilomita 10, in ya rasa jirgin ƙasa na ƙarshe ya komo da ƙafa cikin dare. Yana riƙe da ɗan littafi cikin aljihu, in wani sauti ya faɗo masa sai ya tsaya ƙarƙashin fitilar titi ya rubuta. Wasu masana na ganin takun tafiyar nan, ɗaya bayan ɗaya ba sauri, ya shiga cikin kiɗansa.

Abincinsa yana fitowa ne daga gidajen shaƙatawa. Yana raka mawaƙi Vincent Hyspa da piyano, yana tsara wa mawaƙiya Paulette Darty waƙoƙin soyayya na kasuwa, cikinsu har da Je te veux wadda ta yi farin jini. Shi da kansa bai ɗauki wannan aiki da daraja ba. Cikin 1903 ya rubuta kaɗe-kaɗe na mutum biyu bisa piyano ɗaya, ya kira su guntaye uku masu siffar ɗan itacen poire, alhali kuwa guda 7 ne. An ce ba'a ce ya ke mayar wa masu cewa kiɗansa ba shi da siffa.

Sa'an nan ya yi abin da ya ba abokansa mamaki. Cikin 1905, yana da shekara 39, ya koma lakwal. Ya shiga Schola Cantorum ƙarƙashin Vincent d'Indy da Albert Roussel, wanda Satie ya girme shi da shekara uku, ya zauna tare da samari yana koyon saƙar muryoyi, watau yadda a ke tafiyar da zaren waƙa biyu ko uku ko huɗu lokaci guda ba tare da sun sarƙe ba. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi. Cikin 1908 ya karɓi takardar shaida da yabo mai kyau. Wanda aka kora domin lalaci yana yaro, ga shi ya ci jarrabawa da furfura ta fara fito masa.

Tun daga lokacin nan ya sake shiga: baƙar kwat, malafa mai tauri, tabarau, da laima a hannu ko da rana ko da ruwa, kamar ƙaramin ma'aikacin gwamnati. Mutanen Arcueil sun san shi da kirki. Yana tara yaran talakawan unguwa yana kai su yawon buɗe ido, yana koya musu waƙa, har hukuma ta ba shi lambar yabo ta ilimi cikin 1909. Bayan kisan Jean Jaurès cikin 1914 ya shiga jam'iyyar gurguzu.

SUNA YA ZO DA YAMMA

Cikin watan Janairu na 1911 Maurice Ravel ya kaɗa wasu daga cikin tsofaffin ayyukan Satie gaban jama'a a Paris. Nan take aka farga cewa abin da a ke yaba wa sababbin makaɗa, wannan mutum ya riga ya taɓa shi shekara ashirin da suka wuce. Masu buga takardun kiɗa suka fara nemansa, ya bar aikin dare. Daga 1912 zuwa 1915 ya zubo gajerun kaɗe-kaɗe masu sunayen ban dariya, kuma gwanin piyano Ricardo Viñes ya riƙa kaɗa su. Cikin 1917 ya rubuta Sonatine bureaucratique, inda ya ɗauki wani tsohon kiɗa na Clementi ya ba da labarin ranar aikin wani ma'aikacin biro da shi. Masana na lissafa ta cikin ayyukan farko na komawa ga tsabta da sauƙin kiɗan ƙarni na 18, salon da daga baya aka kira sabon kilasik.

Ran 18 ga watan Mayu na 1917, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, aka nuna wasan rawa mai suna Parade a gidan wasa na Châtelet. Jean Cocteau ya tsara labarin, Pablo Picasso ya zana labule da tufafi, ƙungiyar rawa ta Serge Diaghilev ta taka, Satie ya yi kiɗan. Cikin makaɗa har da ƙarar mashin ɗin rubutu, da jiniya, da harbin ƙaramar bindiga. Ɗakin ya rikice, wasu na tafi, wasu na ihu. Wani mai sharhi, Jean Poueigh, ya soki wasan a jarida, Satie ya aika masa da katin zagi ta gidan waya a buɗe, inda kowa ke iya karantawa. Mutumin ya kai ƙara, alƙali ya yanke wa Satie kwana 8 a gidan kaso da tara. Daga baya aka jingine hukuncin ɗaurin, bai shiga ba.

Yana cikin wannan rigima ne ya ke rubuta aikin da masana da yawa ke cewa shi ne mafi girma nasa. Gimbiya de Polignac ta nemi ya yi mata kiɗa, ya zaɓi rayuwa da mutuwar Sukurat, masanin falsafa na Girka, daga littattafan almajirinsa Aflatun, cikin fassarar Victor Cousin. Kashi na uku yana ba da labarin yadda Sukurat ya sha dafi a kurkuku, almajiransa na kewaye da shi. Wani makaɗin da ya cika wurin da kuka da tsawa. Satie ya bar muryar tana tafiya daidai wa daida kamar mai karanta littafi, kiɗan yana bin ta a hankali har numfashi ya ƙare. Da aka kaɗa shi gaban jama'a cikin 1920, wasu suka yi dariya, suna tsammani wata ba'ar ce. Wanda ya saba da raha, ran da ya zo da maganar gaske ba a ɗaukarsa da gaske. Amma samarin makaɗa shida, Auric da Durey da Honegger da Milhaud da Poulenc da Germaine Tailleferre, sun riƙe shi tamkar uba.

KIƊAN KAYAN ƊAKI

Tun cikin 1917 wani tunani ke yawo a kansa. Ya lura cewa a gidajen cin abinci ana kaɗa manyan ayyukan da aka tsara domin a zauna a saurara, mutane kuwa na ta hirarsu, kiɗan ya dami hira, hira ta wulaƙanta kiɗan. Ya ce ya kamata a sami wani kiɗa wanda aikinsa daidai ya ke da na kujera ko labule ko fitila: yana nan cikin ɗaki, yana gyara zama, ba a kuwa tsura masa ido. Zai tausasa ƙarar cokali da wuƙa, ya rufe hayaniyar titi, ya cike shirun da kan faɗo tsakanin abokai. Ya kira shi kiɗan kayan ɗaki. Kowanne ɗan guntu ne da a ke maimaitawa ba iyaka, kuma ɗaya daga cikinsu, na 1923, ya ce labule ne na biron perefe.

Ran 8 ga watan Maris na 1920 shi da Darius Milhaud suka gwada abin a wani gidan nunin zane mai suna Barbazanges, lokacin hutun wani wasan kwaikwayo na Max Jacob. Aka rarraba makaɗa kusurwa kusurwa, aka roƙi jama'a su ci gaba da yawo da hira da shaye-shayensu. Da kiɗa ya tashi sai kowa ya koma kujerarsa ya yi tsit. Satie ya bi su yana roƙo su yi magana, su motsa, su daina saurare, ba wanda ya kula shi. Gwajin ya faɗi, domin mutanen zamanin ba su san wata hanyar zama da kiɗa ba in ba wannan ba.

RASUWARSA

Aikinsa na ƙarshe shi ne wasan rawa mai suna Relâche, wanda ya yi tare da mai zane Francis Picabia cikin watan Disamba na 1924. A tsakiyar wasan aka nuna wani gajeren fim na René Clair, Satie ya yi masa kiɗa gunduwa gunduwa, kowace ana maimaita ta gwargwadon tsawon hoton da ke bisa allo.

Amma giyar da ya sha shekara da shekaru ta riga ta ci hantarsa. Farkon 1925 ya kwanta, abokai suka kai shi gidan likita na Saint-Joseph a Paris, inda ya rasu ran 1 ga watan Yuli na 1925, yana da shekara 59. Aka rufe shi a Arcueil.

Sa'ad da ƙanensa Conrad da Milhaud da wasu abokai suka buɗe ɗakin nan, abin da suka gani ya sa jikinsu ya yi sanyi. Ƙura da yanar gizo sun rufe kome. Ga piyano biyu, ɗaya bisa ɗaya, ga laima tuli, wasu ko buɗe su ba a taɓa yi ba, ga wasiƙu, ga dubban ƴan katuna da ya zana gidaje na mafarki a kansu da kyakkyawan rubutu. Cikin aljihun tsofaffin riguna da bayan piyano aka tsinci kaɗe-kaɗen da a ke tsammani sun ɓace. Mutumin da ke fitowa kullum tsaf da farar kwala, yana sa mutane dariya, ashe cikin wannan hali ya ke kwana, bai taɓa bari an gani ba.

ABIN DA YA BARI

Bayan mutuwarsa an kusa mantawa da shi. Wanda ya tono shi, Ba'amurke ne, John Cage. Cikin watan Satumba na 1963, a birnin Niyok, Cage ya tara makaɗa suka kaɗa Vexations sau 840 cif, suna karɓeɓeniya, abin ya ɗauki fiye da awa 18. Waɗanda suka halarta sun ba da labari cewa bayan ƴan awoyi gajiya ta wuce, kunne ya fara jin abubuwan da da bai ji ba. A shekarar nan kuma Louis Malle ya sa kiɗan Satie cikin fim ɗinsa Le Feu follet, sa'an nan faya-fayan da Aldo Ciccolini ya ɗauka suka kai shi gidajen mutane.

Cikin 1978 Baturen Ingila Brian Eno ya fid da faifai mai suna Music for Airports, kiɗan da ya tsara domin masu jiran jirgin sama. Ya bayyana cewa yana son kiɗan da mutum zai iya kau da kai daga gare shi, zai kuma iya saurarensa ya ƙaru. Tunanin kiɗan kayan ɗaki ke nan ya komo bayan shekara sittin, lokacin da na'urar ɗaukar sauti ta ba shi abin da Satie ya rasa, watau ikon maimaita kiɗa cikin ɗaki ba tare da makaɗi ya tsaya gaban jama'a ba. Daga baya wasu makaɗa suka haɗa wannan da piyano da gogen Turawa: Ludovico Einaudi a Italiya, Ólafur Arnalds a Aisilan, Nils Frahm a Jamus, wanda cikin 2011 ya sa ƙyalle mai laushi cikin piyanonsa domin kada ya dami maƙwabta da dare, ya ji sautin ya yi masa daɗi, ya ɗauki faifai guda haka. Cikin 2015 Max Richter ya fid da Sleep, kiɗa na fiye da awa 8, wanda a ke kaɗa wa jama'a suna kwance bisa gadaje. Dukansu suna tafiya bisa abubuwan da saurayin Montmartre ya aza cikin 1888: sauti kaɗan, tafiya sannu, maimaitawa, da barin sarari domin shiru.

Akwai masu sukar wannan irin kiɗa, suna cewa ya zama kayan kasuwa, ana zuba shi a otel da kanti da ɗakin jira kamar turare, har kunne ya mutu. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma Satie da kansa, mai son ba'a, da ya yi dariya in ya ji an mai da Gymnopédies kiɗan talla. Sai dai ya kamata a rarrabe. Kiɗan kayan ɗaki ya yi shi domin a manta da shi, mutane suka zauna suka saurara. Gymnopédies da Gnossiennes da Sukurat kuwa ya yi su domin a saurara, duniya ta mai da su kayan ɗaki. Wanda ya ba ɗaya daga cikinsu minti huɗu cikakku, ya ajiye abin da ke hannunsa, zai tarar natsuwar da ke ciki tana tafe da baƙin cikin maraya da kaɗaicin mai ɗaki guda, kuma wannan ne ya hana ta zama lami.

Garin Honfleur ya mai da gidan da aka haife shi gidan tarihi cikin 1998, kuma cikin 2025 aka cika shekara 100 da rasuwarsa. Malaman da suka kore shi daga lakwal, yau ba a cika tuna sunansu ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.